Harsashin Raifil na Kamfani: Wanne Ya Fi Daidaito, Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa shiga kantin kayan farauta a Amurka ya san wannan ruɗanin. Ga kwalaye a jere, duk an rubuta musu .308 Winchester, wato sunan irin harsashin da girmansa, kowanne harsashi ashirin ne a ciki, amma wannan dala ashirin da 'yan kai, na gefensa talatin da biyar, na can saman kanta ya haura sittin. Ka tambayi mai kanti, ya ce maka ai duk suna tashi. Gaskiyarsa, suna tashi. Abin da kuɗin ke saya maka shi ne na biyu ya tashi kamar yadda na farko ya tashi, na ashirin ma haka, sannan kwalin da za ka saya baɗi ya faɗi inda na bana ya faɗi.

Maganar tawa ta shafi mai lasisi ne a ƙasar da doka ta yarda farar hula ya riƙe raifil don farauta ko wasan harbi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa harsashi kansa sai da lasisi, kuma masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 sojoji da jami'an tsaro take yi wa aiki. Don haka misalan daga kasuwar Amurka da Turai suke, da ɗan abin da ya shafi masu zuwa farauta Afirka ta Kudu.

Daga ina bambancin yake fitowa?

Harsashi abu huɗu ne: kwanso, albarushi, ƙwayar da ke fita, da ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso wanda allurar bindiga ke bugawa. Kowannensu yana iya kaucewa kaɗan. Injin da ke cika dubban harsasai a awa ɗaya ba auna nauyin albarushin kowanne yake yi ba, cika mudu yake yi ya zuba, kamar mai awon gero, kuma mudu biyu ba sa taɓa zama daidai ƙwaya da ƙwaya. Kaurin kwanso yana canza girman cikinsa, girman ciki kuma yana canza matsi. Yadda wuyan kwanson ya damƙe ƙwaya, zurfin da aka dasa ta, ko ta zauna a miƙe ko ta ɗan karkace, duk suna da tasiri. Kamfanin da ya fi tsada ba sihiri yake yi ba. Yana tafiyar da inji a hankali, yana yawan tsayawa ya gwada, kuma yana zubar da abin da wani kamfanin zai bari ya wuce.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko, daidaiton gudu. Ana auna shi da na'urar auna gudun ƙwaya, irin su LabRadar, MagnetoSpeed, ko ƙaramar Garmin Xero da ta fito a 2023 ta cika filayen harbi. Na'urar za ta ba ka lambobi biyu. ES shi ne tazarar da ke tsakanin harbi mafi gudu da mafi sanyi. SD kuwa yana nuna yadda harbin gaba ɗaya ke kaucewa daga matsakaicinsu. SD ya fi amana, domin ES ƙaruwa yake yi da yawan harbi ko da harsashin bai canza ba: a lissafi, harbi biyar kan ba da tazarar kusan ninki 2.3 na SD, goma kusan ninki 3, ashirin kusan ninki 3.7. Shi ya sa wanda ya harba uku ya zo yana nuna maka ƙaramar lamba bai nuna maka komai ba.

Amma ga inda mutane da yawa ke ɓarnar kuɗi. Ɗauki ƙwayar .308 mai giren 175 (giren ɗaya miligiram 64.8 ne) da ke fita da gudun ƙafa 2,600 a daƙiƙa. Idan harbi biyu suka bambanta da ƙafa 30 a daƙiƙa, a yadi 100 bambancin faɗuwarsu bai kai milimita 2 ba. A yadi 300 bai wuce santimita 2 ba. A yadi 1,000 kuwa ya kusa santimita 30. Wato ma'aunin da ake ta cece-kuce a kansa ba ya fara ciwo sai an yi nisa sosai.

Na biyu, taruwar harbi a kan takarda. Ana faɗinta da MOA, kuma MOA ɗaya kusan inci ɗaya ne a yadi 100, ko santimita 2.9 a mita 100. Wannan ma'aunin na harsashi da bindiga ne tare. Harsashin da ya yi abin mamaki a bindigar abokinka yana iya watsewa a taka, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su a shekara ɗaya.

Na uku, kuma a ganina mafi muhimmanci, bambanci tsakanin zubi da zubi. Kowane kwali yana ɗauke da lambar zubin da aka cika shi, yawanci a cikin leɓen kwalin ko a gefe. Sabon zubi yana iya zama da sabon albarushi, sabbin ƙwayoyi, ko wani injin dabam. Ni kaina na taɓa saita bindigata da kwali ɗaya, na sayi irinsa sak a wani kanti bayan wata biyu, sai ga ramuka sun koma sama da kusan yatsa uku a yadi 100. Ban duba lamba ba sai da na gama zargin tabarau, wato madubin hangen da ke kan bindiga, da kafaɗata. 'Yan wasan da ke harba ƙaramin .22 sun daɗe da sanin wannan: Eley na Ingila da Lapua na Finlan suna da wuraren gwaji inda ɗan wasa zai kai bindigarsa a ɗaure ta, a gwada mata zubi dabam-dabam, ya sayi wanda ya fi yi mata da yawa.

Na huɗu, ƙa'idar matsi. A Amurka ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke fitar da ma'aunin girma da iyakar matsi, misali fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i ga .308 Winchester. Bin ta na ganin dama ne, ko da yake manyan kamfanoni duk suna bi. A Turai akwai C.I.P., tun 1914, wadda bin ta wajibi ne a ƙasashen da ke cikinta irin su Jamus, Faransa, Beljiyam, Finlan, Italiya da Birtaniya, kuma za ka ga tambarinta a kwali. Sai dai a fahimta: waɗannan ƙa'idoji na kare rai da bindiga ne. Ba su yi maka alkawarin harsashi zai taru wuri ɗaya ba.

Sauran ma'aunai su ne jure zafi da daɗewar ajiya, aikin da ƙwaya ke yi idan ta isa, sauƙin samu, da farashi.

Zaɓi na ɗaya: na araha, mai rufaffiyar ƙwaya

A nan akwai harsasan da aka yi a kan tsarin na soja, masu ƙwayar da aka lulluɓe bakinta da jikinta da jan ƙarfe, irin giren 147 ko 150 a .308 da giren 55 a .223. Prvi Partizan na garin Užice a Sabiya, Sellier & Bellot na Jamhuriyar Cek, PMC na Koriya ta Kudu, da American Eagle na Federal duk suna da irinsu. Su ne mafi sauƙin kuɗi cikin masu kwanson tagulla, kuma ana samun su a manyan akwatuna.

Daidaitonsu matsakaici ne. Masu na'ura sun saba ganin SD na ƙafa ashirin ko talatin, taruwa kuma MOA biyu zuwa uku ba abin mamaki ba ne. Laifin yawanci na ƙwayar ne, domin gindinta a buɗe yake, kuma gindin ƙwaya shi ne abu na ƙarshe da ke rabuwa da bakin bututu. In bai daidaita ba, iskar albarushi za ta ture ta gefe. Wajen ajiya kuwa, waɗanda aka yi da cikakken tsarin soja suna da wani abu da na tsada ba su cika samu ba: ana shafa musu abin toshe ruwa a wuya da gindi, don haka suna jure laima.

Ƙasa da waɗannan akwai masu kwanson baƙin ƙarfe, irin Tula, Barnaul da Wolf, waɗanda yawancinsu daga Rasha suke fitowa. Tun watan Satumba na 2021 Amurka ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, sai suka yi wuya, arahar ma ta ragu. Yawancinsu rigar ƙwayar ƙarfe ce da aka yi wa wankan jan ƙarfe, tana cin bututu fiye da ta jan ƙarfe zalla, kuma filayen harbi da dama suna ɗora mata mayen ƙarfe a ƙofa, in ya kama a hana ka shiga da ita.

Sai rarar soja ta da can, wadda ake sayarwa a gwangwani. A nan ne haɗari ya fi yawa, don ba ka san inda ta kwana shekara arba'in ba. Wasu tsofaffin ƙyastu suna barin gishiri a bututu, in ba ka wanke da ruwa a ranar ba tsatsa ta kama. Kuma a kula da sunaye masu kama: SAAMI ta sa harba 5.56 na soja a bindigar da aka rubuta wa .223 Remington cikin haɗin da ba shi da aminci, saboda matsi yana iya hawa. Abin da aka zana a jikin bututu shi ake bi.

Rufaffiyar ƙwaya ba ta buɗewa, hudawa take yi ta wuce, dabba ta gudu da rauni. Jihohin Amurka da yawa sun hana farautar manyan dabbobi da ita.

Zaɓi na biyu: na farauta na yau da kullum

Wannan shi ne harsashin da ya cika tukwane. Ƙwaya ce ta dalma a cikin rigar jan ƙarfe, an bar bakinta a buɗe don ta baje idan ta shiga. Remington Core-Lokt tun 1939 yake kasuwa. Akwai Winchester Super-X Power-Point, Federal Power-Shok, Hornady American Whitetail, kuma a Afirka ta Kudu akwai PMP na Pretoria. Farashinsa ɗan sama yake da na farko, kuma ko a ƙaramin gari za ka same shi a kanti, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda jakarsa ta ɓata a hanya.

Daidaiton gudu yakan fi na araha kaɗan, taruwa kuma a bindiga mai kyau tana yawo tsakanin MOA ɗaya da biyu. Wani zai raina wannan. To, mu yi lissafi. Wurin da ake nema a jikin barewa, wato huhu da zuciya, ya kai faɗin farantin cin abinci, kusan santimita 20. Harsashin MOA biyu a mita 150 yana taruwa cikin ƙasa da santimita 9. A dazuzzukan gabashin Amurka kuwa ba kasafai ake harbi ya wuce wannan nisan ba. Abin da ke sa a kuskure a can rawar hannu ne da gaggawa, ba SD ba.

Rauninsa biyu ne. Bakin dalma yana lotsewa idan harsashi ya yi ta shiga da fita a bindiga ko ya yi ta gogayya a aljihu. Sannan tunda ana cika shi da yawan gaske a injuna dabam-dabam, bambancin zubi ya fi fitowa a nan fiye da na gasa. Maganinsa mai sauƙi ne: ka sayi kwali uku ko huɗu masu lamba ɗaya lokaci guda.

Wani abin lura a gefe: sunayen da ke kan kwalaye sun fi masu su yawa. Bayan Remington ya karye a 2020, kamfanin da ke da Federal ne ya sayi ɓangaren harsashinsa, kuma a 2024 wani rukunin kamfanoni na Jamhuriyar Cek ya saye su duka. Norma ta Suwidin da RWS ta Jamus sun koma hannun Beretta a 2022. Suna ɗaya yana iya canza mai gida, don haka abin da babanka ya sani game da wani kwali ba lallai ya zama abin da ke cikinsa yau ba.

Zaɓi na uku: na gasa

Idan daidaito kaɗai ake nema, nan ne gidansa. Federal Gold Medal Match mai ƙwayar Sierra MatchKing, giren 168 ko 175, shi ne ma'aunin da ake gwada bindigar .308 da shi shekara da shekaru. Har akan ce in bindiga ta kasa taruwa da shi, a duba bindigar. Akwai Hornady Match, Black Hills na Dakota ta Kudu, Lapua mai ƙwayar Scenar, da Norma. A nan ana iya ganin SD ya sauko kusa da ƙafa goma, wani lokaci ƙasa, kuma bindiga mai kyau tana taruwa ƙasa da MOA ɗaya ba tare da wahala ba.

Me ya bambanta shi? Ƙwayar ce kan gaba. Ana ƙera ta ne daga gindi zuwa baki, don haka gindin a rufe yake sumul, ɗan ramin da ke baki kuma ragowar ƙira ne kawai. Kaurin rigarta daidai yake ta kowane gefe, kuma wannan yana da muhimmanci ga abin da ke juyawa sama da sau 150,000 a minti ɗaya. Ƙaramin rashin daidaito a nan kamar tayar mota ce da ba a saita ba. Sannan ana zaɓar kwanso da ƙyastu masu kyau, a kuma gwada kowane zubi a bututun gwaji.

Irin harsashin ma yana da nasa tasiri. 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ya fitar a 2007, an tsara shi ne tun farko don ɗan gasa ya sayi kwali a kanti ya shiga fili ba tare da ya cika da hannunsa ba. Mazaunin harsashinsa a cikin bindiga a matse aka zana shi, don haka ƙwaya tana shiga zaren bututu, wato layukan ciki da ke sa ta juyawa, a miƙe. Tsofaffi irin .303 na Birtaniya an bar musu sarari ne da gangan saboda ƙura da laka na filin yaƙi. Kada ka sa ran tsohuwar .303 za ta yi abin da sabuwar Creedmoor ke yi don kawai ka saya mata harsashi mai tsada.

Farashin na gasa ya fi na farauta na yau da kullum, amma abin mamaki, sau da yawa bai kai na manyan ƙwayoyin farauta ba. Kwanson wasu, musamman na Lapua, yana da daraja a wurin masu sake cikawa, kana iya tarawa ka sayar ka rage asara. Samu kuwa sai manyan kantuna ko odar intanet, inda dokar jiharka ta yarda.

Haɗarinsa ba na fashewa ba ne, na amfani da shi inda bai dace ba ne. Sierra da kansa ba ya ba da shawarar a yi farauta da MatchKing. Wani lokaci ƙwayar ta tarwatse a kan kafaɗa, wani lokaci ta huda kamar allura. Wanda ya ce maka ya kashe barewa goma da ita ba ƙarya yake yi ba, sai dai ba zai ba ka labarin ta goma sha ɗaya ba.

Zaɓi na huɗu: manyan harsasan farauta

A 1946 John Nosler ya harbi wata ƙatuwar dabbar dajin Kanada da ake kira mus, jikinta duk busasshiyar laka, ƙwayarsa ta tarwatse ba ta shiga ba. Abin ya dame shi har ya ƙera Nosler Partition a 1948, ƙwaya mai bango a tsakiya: gaba ya baje, baya ya ci gaba da turawa. Daga nan wannan rukuni ya samo asali. Yau akwai masu dalma da aka liƙe da riga don kada su rabu, irin Nosler AccuBond, Swift A-Frame, Norma Oryx da Federal Terminal Ascent, akwai kuma na jan ƙarfe zalla irin Barnes TSX da Hornady CX.

Daidaiton da ake saya a nan iri biyu ne: na gudu, wanda yawanci yana kusa da na gasa, da na halin ƙwaya bayan ta shiga, wato ta buɗe iri ɗaya ko ta gamu da ƙashi ko ba ta gamu ba. Wannan na biyun ba na'urar da za ta nuna maka shi a filin harbi, amma shi ne ainihin abin da mafarauci ke biya. Ga gwanki, babbar barewar da ake kira kudu, ko wata dabba mai kauri, bambancin a fili yake.

Na jan ƙarfe zalla suna da nasu halin. Sun fi na dalma tsawo a nauyi ɗaya, wasu bindigogi suna son su, wasu sam ba sa jituwa da su, kuma suna bukatar gudu kafin su buɗe, shi ya sa akan zaɓi mai ɗan sauƙin nauyi. A Kalifoniya ba zaɓi ba ne ma: tun 1 ga Yuli 2019 an hana farauta da dalma a duk jihar.

Matsalarsu kuɗi. Kwali yana iya ninka na yau da kullum sau biyu, kuma tsadar tana jawo wata ɓarna a ɓoye: mutum ya ji ciwon kuɗin, ya harba uku kawai ya ce ya saita, ya tafi daji da bindigar da bai san ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A taƙaice cikin jadawali

Farashin na kwalin .308 mai guda 20 ne a kasuwar Amurka, bisa ƙiyasi, domin yana hawa da sauka.

| Iri | Farashi | Daidaiton gudu | Bambancin zubi | Samu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Na araha, rufaffiyar ƙwaya | dala 20 zuwa 30 | matsakaici ko ƙasa | mai yawa | ko'ina | bai dace da farauta ba; tsohuwar rara |
| Na farauta na kullum | dala 25 zuwa 40 | matsakaici | akwai | ko'ina | lotsewar baki. Canjin saiti |
| Na gasa | dala 30 zuwa 50 | mafi kyau | kaɗan | manyan kantuna | ƙwaya ba ta da tabbas a jikin dabba |
| Manyan na farauta | dala 45 zuwa 70 ko fiye | mai kyau | kaɗan | yakan yanke | tsada tana hana gwaji |

Zafi da ajiya

Wannan ya shafi kowane iri. Albarushi yana ƙara ƙarfi idan ya ji zafi. Turawan da suka zo farauta Afirka da Indiya a farkon ƙarni na 20 sun sha wannan da albarushin kodayit, har kwanso ya liƙe a bindiga ga ɓauna a gaba. Shi ya sa aka yi wa harsashin .416 Rigby na 1911 ƙaton kwanso don matsi ya zauna ƙasa. Albarushin zamani ya fi haƙuri, musamman irin mai tsinke-tsinke da aka tsara don jure canjin yanayi, amma kamfanoni ba kasafai suke rubuta wanda suka zuba ba. Wanda ya saita bindiga cikin sanyin jihar Minisota ta Amurka ya tafi Limpopo ta Afirka ta Kudu ko Namibiya, ya sake harba 'yan kaɗan idan ya sauka. Kada a bar kwali a bayan mota cikin rana, kada kuma a bar harsashi ya daɗe a cikin bututun da ya yi zafi kafin a harba. Akwatin ƙarfe mai robar baki, da 'yar jakar tsotse laima, a wuri mai sanyi kuma a kulle, zai riƙe harsashi shekaru masu yawa.

Gwajin da ya kamata ka yi da kanka

Kafin ka harba, zazzage kwalin ka jera su a tsaye a kan tebur. Ido kaɗai zai nuna maka wanda ƙwayarsa ta nutse fiye da sauran, wanda wuyansa ya tsage, wanda ƙyastunsa ya turo waje, ko wanda ya fara kore. Ware su. Injin da ya fi kowane kyau yana kuskure, kuma idan kamfani ya yi kiranyen kaya, da lambar zubi yake yi, don haka kada ka yar da kwali kafin harsashin ya ƙare.

Sayi kwali ɗai-ɗai na iri uku da suka dace da aikinka. Ka ɗora bindiga a kan buhun yashi, ka harba goma-goma aƙalla, kana barin bututu ya huce. Idan ka canza daga wani iri zuwa wani, harbi biyu na farko kada ka ƙirga su, don bututu yana ɗan ɗaukar lokaci kafin ya saba da sabuwar riga. Rubuta lambar zubi, zafin ranar, da abin da ka gani. In harbi ya yi wata ƙara mai sanyi, tsaya, cire harsashi, duba ko ƙwaya ta maƙale a bututu; harbi na biyu a kanta yana fasa bindiga. In kuma ka ja kunama bai tashi ba, bar bakin bindiga yana kallon fili na aƙalla daƙiƙa talatin kafin ka buɗe.

Wa zai ɗauki wanne?

Sabon mai koyo da ke harbi a yadi 100, ko mai son ya saba da kunama da numfashi, ya ɗauki na araha mai kwanson tagulla daga sanannen kamfani, ya harba da yawa. Kuskuren hannunsa ya fi na harsashin girma, kuma zai daɗe a haka.

Mai farautar barewa a ƙasa da mita 200 ya tsaya a na yau da kullum. Ya gwada iri biyu ko uku, ya sayi abin da zai kai shi shekara biyu daga zubi ɗaya. Kuɗin da ya rage ya fi amfani a tabarau mai kyau.

Mai gasa, ko mai harbin faranti daga mita 500 zuwa sama, ba shi da mafita sai na gasa da na'urar auna gudu, kuma ya riƙa saye da akwati, don kowane sabon zubi sabon lissafi ne.

Wanda ya biya kuɗin jirgi da na jagora don farautar babbar dabba, ko wanda ke inda aka hana dalma, ya ɗauki manyan na farauta, ya sayi aƙalla kwali uku masu lamba ɗaya: biyu na fili, ɗaya na daji.

Mai tsohuwar bindigar gado irin .303 ko 8x57 kuwa, Prvi Partizan da Sellier & Bellot suna cika mata sabo a kuɗi mai sauƙi, kuma ya fi masa kwanciyar hankali a kan gwangwanin rarar soja da ba a san tarihinsa ba.